Tarihin gwajin MOT: tambayoyi da amsoshi ga mai son sayen motar hannu a Birtaniya

Wanda ya zo Birtaniya karatu ko aiki ba ya daɗewa sai mota ta zame masa dole, musamman masu aikin kula da tsofaffi gida-gida, waɗanda bas ba ta kai su inda za su a kan lokaci. Kuɗin sabuwa babu, sai a koma ta hannu. A nan ne mutanenmu da dama ke zubar da tarin wata da watanni a kan motar da za ta kwanta musu kafin hunturu ya fita, alhali gwamnati ta ajiye tarihin lafiyar motar a fili, kyauta, kowa na iya karantawa a wayarsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tarihi.

Mene ne MOT ɗin ma tukuna?

Gwajin lafiyar mota ne da doka ta wajabta. An fara shi a 1960, a lokacin motocin da suka shekara goma kaɗai ake gwadawa, kuma birki da fitilu da sitiyari ake dubawa. A 1967 aka sauko da shi zuwa shekara uku. Yau a Ingila da Sikotilan da Wales, mota na shiga gwajin farko idan ta cika shekara uku da rajista, daga nan kuma duk shekara. A Ireland ta Arewa sai ta shekara huɗu, kuma a cibiyoyin gwamnati ake yi. A sauran yankunan garejoji masu zaman kansu ne ke yi da izinin DVSA, hukumar gwamnati mai sa ido kan gwajin motoci, za ka gane su da allo shuɗi mai fararen kusurwa-uku guda uku. Kuɗin gwajin ƙaramar mota ba ya wuce fam 54.85. Wanda aka kama yana tuƙa motar da MOT ɗinta ya ƙare, tararsa na iya kaiwa fam 1,000.

A ina zan ga tarihin, kuma nawa zan biya?

Ko kwabo ba za ka biya ba. Ka shiga shafin gov.uk ka nemi "check MOT history", ka rubuta lambar motar, shi ke nan. Ba sai ka mallaki motar ba, ba sai mai ita ya sani ba. In lambar ta fito a hoton talla, tun kana zaune a ɗakinka za ka iya gama binciken. Akwai shafukan 'yan kasuwa da ke karɓar kuɗi su ba ka wannan bayanin dai, don haka ka tabbata adireshin da ka shiga ya ƙare da gov.uk.

Zai nuna maka ranar kowane gwaji, ko motar ta ci ko ta faɗi, mil nawa ne a kan mitarta ran nan, abin da ya kayar da ita, da abin da mai gwaji ya ja kunne a kai. Tarihin ya koma baya har 2005 ga gwajin da aka yi a Ingila da Sikotilan da Wales, na Ireland ta Arewa kuwa daga 2017. Ga wasu kamfanonin mota, yana kuma nuna ko an yi kiran motar don gyara wata matsala daga masana'anta ba a kai ta ba.

Akwai abin da ke buƙatar hannun mai mota: sanin garejin da aka yi gwajin. Wannan sai da lamba mai alƙalumma 11 da ke jikin takardar rajista, wato V5C. Ka roƙe shi ya ba ka, ko ya buɗe a gabanka.

Mai motar ya ce yanzu aka yi mata MOT, tana da wata 12 cif. Wannan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma a wannan gaɓar ce aka fi yaudarar sabon zuwa. Cin gwaji yana nufin a ranar da aka duba ta, motar ta kai mafi ƙarancin abin da doka ke nema. Iyakarsa ke nan. Dokar taya, alal misali, tana neman zurfin zane na milimita 1.6. Tayar da ke da 1.7 za ta wuce, amma kai da ka saya, kafin wata biyu kana gaban mai taya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: gwajin ba ya duba lafiyar inji, ba ya duba kulochi, ba ya duba giya. Waɗannan ukun kuwa su ne masu cin kuɗi. Motar da giyarta ke gab da mutuwa tana iya fita da takarda fes. Mai gwaji kuma ba ya kwance komai. Ba ya cire taya, ba ya cire murfin robar da ke rufe ƙarƙashin mota. Abin da idonsa da hannunsa da na'urarsa suka kai gare shi, shi yake rubutawa.

Saboda haka sakamakon ƙarshe shi kaɗai ba ya faɗa maka abin kirki. Amfanin yana cikin jera shekarun, ka ga yadda aka riƙa mu'amala da motar: wanda ya riƙe ta mai gyara ne tun kafin abu ya lalace, ko kuwa mai jira ne sai gwaji ya tilasta masa.

Na buɗe shafin na ga kalmomi iri-iri. Wanne ne mai tsanani?

Tun daga 20 ga Mayu 2018 aka raba lahani gida uku. "Dangerous" na nufin haɗari ne a hau titi da motar sai an gyara, kuma ta faɗi. "Major" ma faɗuwa ce, gyaran gaggawa ake nema. "Minor" ta wuce, amma a gyara ba da daɗewa ba. Bayan su akwai "advisory", wato jan kunne: abu bai kai lahani ba tukuna, amma ya kama hanya. Gwajin da aka yi kafin wannan rana ba za ka ga wannan rabon a jikinsa ba, sai dalilin faɗuwa da jan kunne kawai.

A ganina jan kunnen ya fi komai daraja ga mai saye, domin shi ne lissafin kuɗin da ke jiranka. Mutane na tsallake shi don sun ga koren rubutun cewa motar ta ci a sama.

To yaya ake karanta shi yadda ya kamata?

Ka fara daga ƙasa, daga gwajin farko, ka riƙa hawowa. A ce kana duba wata Toyota ko Vauxhall mai shekara goma sha ɗaya. A 2021 an rubuta cewa bututun birki na baya ya fara tsatsa. A 2022 maganar ta sake fitowa. A 2023 ga ta nan, an ƙara da cewa robar hannun taya ta gaba ta tsage. A 2024 motar ta faɗi a kan bututun nan, washegari ta ci. Wannan ya gaya maka halin mai ita: shekara uku ana gaya masa birkinsa na ruɓewa bai motsa ba. Mutumin da ya yi wa birki haka, da wuya a ce yana sauya baƙin mai a kan lokaci.

Sai kuma akasin haka. An ja kunne a kan abu bana, baɗi ya ɓace. Ko dai an gyara, ko kuma wani mai gwajin ne daban bai ga dalilin rubutawa ba, tunda jan kunne ya rataya ne a kan ganin mai gwaji. Rasit ne ke raba gardama. Ka ce wa mai motar, "Na ga an yi maganar takalmin birki bara, an sauya? Akwai rasit?" Mai kula da motarsa yakan fito maka da jakar takardu har ya ba ka fiye da abin da ka nema.

Jan kunnen gwajin ƙarshe kuwa, ka rubuta su, ka kira gareji ka tambayi kuɗin gyaran kowanne, sannan ka shiga ciniki da wannan lissafin a hannu.

Motar ta faɗi gwaji sau uku a baya. In haƙura da ita?

Ya danganta da abin da ya kayar da ita. Ƙwan fitila ya mutu, robar waifa ta tsage, ruwan wanke gilas ya ƙare, waɗannan duk suna kayar da mota, kuma ba abin tayar da hankali ba ne, ko da yake suna nuna mai ita bai leƙa ta ba kafin ya kai ta. Taya da takalmin birki da sifirin kayan ƙarewa ne, kowace mota sai ta sauya su. Waɗanda za su sa ka tsaya su ne tsatsa a jikin ƙashin mota, hayaƙin da ya wuce ƙa'ida shekara bayan shekara, fitilar inji da ke kunne a dashbod, da lahani ɗaya da ke komowa bayan an ce an gyara.

Me ya sa ake yawan nanata maganar tsatsa?

Domin ita ce ciwon motocin ƙasar, kuma wanda ya taso a Kano ko Damagaram bai saba neman ta ba. A can rana da ƙura da ramuka ke cin mota. A nan, da sanyi ya shigo ake watsa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta kama, gishirin nan kuma ya haɗu da danshi ya lafe a ƙarƙashin mota wata da watanni. Motocin da suka zauna a Sikotilan ko garuruwan bakin teku sun fi shan wahala. Ta sama fenti na ƙyalli, ta ƙasa ƙarfe na marmashewa.

A cikin tarihin ka nemi kalmar "corroded" ko "corrosion", ka lura da inda aka ambata. Tsatsa a jikin salansa ko faifan birki abu ne da ake sauyawa a wuce. Tsatsa a dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko a ƙarfen da ke ɗauke da inji da tayoyi, wannan magana ce ta walda, wani lokaci kuɗinta ya fi kuɗin motar. Ƙa'idar gwajin ta fi tsananta wa duk wurin da ke tsakanin santimita 30 da inda aka ɗaure birki, sitiyari, shokazoba ko bel ɗin kujera, domin nan ne rai ya rataya ranar haɗari.

In ka je ganin motar, kada ka ji kunyar durƙusawa. Kunna fitilar wayarka, ka kwanta gefe, ka bi dogarin nan da babban yatsa tun daga bayan tayar gaba har ta baya kana dannawa. Lafiyayyen ƙarfe ba ya motsi. Ruɓaɓɓe za ka ji yana ɓarɓashi, jan gari na zubo maka a hannun riga. In kuma ka ga an shafe ƙarƙashin da baƙin kwalta sabo fil, yana sheƙi, alhali sauran wuraren duk laka ce, ka tambayi abin da aka rufe. Ana shafa shi don kariya, ana kuma shafa shi don ɓoyewa, kuma tarihin shekarun baya ne zai taimaka maka ka gane wanne ne.

Ta yaya tarihin ke tona asirin mitar da aka juya baya?

Duk gwaji sai an rubuta mil ɗin da ke kan mita. Ka jera su. A ce 2019 mil 61,200, 2020 mil 72,900, 2021 mil 84,300, sai 2022 ka ga 58,700. Mota ba ta tafiya da baya. Ko kuma motar da ta saba cin mil dubu goma sha ɗaya a shekara, kwatsam ta koma ɗari takwas shekara biyu kafin a sa ta kasuwa. Yana yiwuwa mai ita ya yi ritaya ko ya yi jinya, amma sai an yi maka bayanin da ya kama hankali.

Ba kowane saɓani ne zamba ba. Mai gwaji na iya kuskuren lamba, ko ya rubuta kilomita a gurbin mil, ko a ce an sauya mitar gaba ɗaya don ta lalace. Kuskuren rubutu, idan bai wuce kwana 28 ba, garejin da ya yi gwajin na iya gyarawa. In ya wuce, sai an kai wa DVSA da hujja. Wanda aka sauya wa mita kuwa ya kamata ya riƙe rasit.

Ka kuma sani masu wayo na juya mita kafin gwajin farko, ko ɗan kaɗan duk shekara kafin a kai ta, yadda lissafin zai tafi daidai. Irin wannan sai ido. Motar da aka ce mil dubu arba'in ta yi, amma robar fedar birki ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, gefen kujerar direba ya lotsa, jikinta ya ƙaryata mitarta. Littafin sabis ma yana ɗauke da mil da kwanan wata, ka gwada shi da na MOT.

Na samu wadda ba ta taɓa faɗuwa ba, ko jan kunne ɗaya babu. Ai wannan ita ce?

In shekararta biyar ko shida, madalla. In ta haura goma sha biyu, mil ya wuce dubu ɗari, amma ba a taɓa cewa ko taya ta fara suɗewa ba, ni zan ƙara bincike. Akwai masu kai mota sabis a gyara komai kafin gwaji, su tarihinsu fes yake da gaskiya, kuma rasit zai nuna. Akwai kuma takardar bogi, inda ake shigar da sakamako a kwamfuta motar ba ta ko taka garejin ba. Matsalar ta kai har DVSA ta fara gwada tsarin da mai gwaji zai ɗauki hoton motar a cikin gareji.

A nan ne sanin wurin gwaji ke da amfani. Motar da ke zaune a Manchesta shekara da shekaru, ana kai ta gareji ɗaya tana tara jan kunne, sai gwajin ƙarshe ya fito daga wani gari mai nisan mil ɗari biyu, duk jan kunnen sun ɓace, mako guda kafin talla, wannan abin tambaya ne.

Akwai shekarar da babu gwaji sam. Me ya faru?

Wataƙila an ajiye motar ne, aka sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, cewa ba ta hawa titi, abin da suke kira SORN. Wataƙila ta yi haɗari ta daɗe a wurin gyara. Giɓin wata shida a 2020 kuwa ba abin damuwa ba ne: saboda annobar korona, motocin da gwajinsu ya faɗo tsakanin 30 ga Maris da 31 ga Yuli na shekarar an ƙara musu wata shida. Motar da aka shigo da ita daga Japan tarihinta na farawa ne daga isowarta, abin da ya gabata ba za ka gan shi a nan ba. Motar da ta daɗe a ajiye, ka sa ran batir da taya da birki za su nemi kuɗi.

Me tarihin ba zai taɓa gaya min ba?

Ba zai gaya maka ko ana bin motar bashi ba. Motoci da yawa a ƙasar da bashin kamfani ake sayensu, kuma kamfanin ne mai mota har a gama biya. Ba zai gaya maka ko ta sata ce ba, in kuwa ta sata ce 'yan sanda za su karɓe ta, kuɗinka ya tafi. Ba zai gaya maka ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin lalacewa ba. Tun Oktoba 2017 rukunin hukuncin huɗu ne: A da B ba sa komawa titi har abada, S ta bugu a ƙashinta amma ana iya gyara ta, N ta bugu amma ba a ƙashi ba. Waɗannan sai binciken da ake biya, irin na kamfanin HPI mai binciken tarihin mota da makamantansa, kuma kuɗinsa ƙalilan ne idan aka kwatanta da abin da za ka zuba.

Ka kuma haɗa lambar jikin mota mai harafi da alƙalami 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofa, da wadda ke cikin V5C. In sun saɓa, tarihin da ka karanta na wata motar ne. Kuma ka je ganin mota a adireshin da ke cikin takardar, kada ka yarda da haɗuwa a wurin ajiye motoci na kanti.

Motar dizal ce, akwai ƙarin abin lura?

Akwai. Na zamani suna da matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda ke toshewa idan gajerun tafiye-tafiye na cikin gari kawai ake yi da motar. Wasu na cire ta, kuma in mai gwaji ya ga alamar an taɓa ta, ko motar na fitar da hayaƙin da ido ke gani, ta faɗi. Sannan cin MOT ba ya nufin za ka shiga ko'ina kyauta. A Landan, tun Agusta 2023 tsarin ULEZ na rage hayaƙin mota ya game dukkan unguwanni, motar da ba ta cika sharaɗin hayaƙi ba na biyan fam 12.50 a rana, kuma yawancin dizal da suka girmi Satumba 2015 na ciki. Birmingham ma tana da nata na fam 8. Ka duba lambar motar a shafinsu kafin ka saya.

Mai motar ɗan gida ne, dattijo ne a cikinmu. Ba zai ga na raina shi ba?

Binciken ba ya buƙatar izininsa, don haka ka yi shi tun kafin ku zauna. In ka ga abin tambaya, akwai yadda ake yi cikin ladabi: "Alhaji, na ga gwajin bara ya yi maganar tsatsa a ƙasa, ko an samu an duba? Ina so ne in san abin da zan tanada." Sau da yawa shi kansa bai taɓa karantawa ba, shi ma haka ya saye ta daga wani. Motar da ta lalace mako biyu bayan ciniki ta fi ɓata zumunci fiye da tambayar da aka yi kafin a biya kuɗi, kuma a tsakanin mutanenmu ba a iya mayar da kaya cikin sauƙi, sai dai a haɗiye a yi ta ƙorafi a bayan ido.

Na riga na saya, sai na gano bai kamata ta ci gwajin ba. Akwai abin yi?

Kana iya kai ƙara ga DVSA cikin kwana 28 daga ranar gwajin, ko cikin wata uku idan matsalar tsatsa ce. Kada ka gyara komai kafin su duba. Game da kuɗinka, in daga hannun ɗan kasuwar mota ka saya, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai lahani a ba ka kuɗinka. In daga hannun mutum ne kawai, kariyar ta ragu ƙwarai, sai dai in abin da ya faɗa a talla ƙarya ne. Shi ya sa yake da kyau ka ɗauki hoton tallar ka adana saƙonninku.

Ni a gida nake, tokumbo zan saya. Wannan ya shafe ni?

Kaɗan. Motocin Birtaniya sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma bin hannun dama na titi tun 1972, Ghana a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi ma haka suke tuƙi, don haka ba su ne suka cika kasuwa ba. In ka haɗu da wadda aka juya wa sitiyari, ka duba gilasanta, wani lokaci tsohuwar lambarta ta Birtaniya na zane a jiki, kana iya gwada ta a shafin. Aikin juyawar kansa sai bakanike ya duba shi da kyau, domin ya taɓa sitiyari da birki da wayoyi.

Motocin da ake kira 'yan Beljiyam ba duka ne suka zauna a Beljiyam ba. Daga Jamus da Holan da Faransa ake tattaro da yawa zuwa unguwar Heyvaert da ke Brussels, a loda su a tashar Antwerp zuwa Kwatano ko Legas. Beljiyam tana da takardar Car-Pass tun 2006 mai nuna tarihin kilomita, amma ba lallai ta biyo motar da ta bi hannun 'yan kasuwa ba. In dillali yana da ita, ka karɓa ka haɗa lambar jiki. Motocin Amurka kuwa, da lambar jikin nan mai 17 ake bincikensu a Carfax ko AutoCheck, da kuɗi. Da yawansu daga gwanjon Copart ko IAA suka fito bayan haɗari ko ambaliya, kuma sau da yawa idan ka rubuta lambar a intanet za ka ga hotunan motar yadda take a filin gwanjon kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta.